Injin tafiya mai hannaye biyu da na haɗa wa yayana, hannu da ƙafa sun ƙi tafiya tare

MaiWalda_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni mai walda ne a nan Agege, aikina ƙyamare da tagogi da gadajen ƙarfe, wani lokacin ƙafar tankin ruwa. Yayana yana sana'ar albasa a Mile 12, tun asuba yana zaune a rumfa har magariba, bara aka gano yana da ciwon suga kuma jininsa ya fara hawa, likita yace lallai ya riƙa tafiya kullum. To kun dai san Legas, kafin ya baro kasuwa ya sha gosulo ya iso gida anyi isha'i, layinmu kuma babu inda mutum zai taka a natse, ga kwata ga keke ga danfo. Mun tambayi kuɗin injin gudu mai amfani da wuta, ko tokunbo ma yafi ƙarfinmu, balle kuɗin wutar da zai riƙa sha tun da aka yi ƙari a 2024. Shine nace bari in haɗa masa wanda ba ya buƙatar wuta, kuma in sa masa hannaye biyu masu motsi yadda kafaɗa da ƙirji ma zasu samu nasu rabon.

Ga abin da nayi. Na sayo fayif mai kusurwa huɗu a Owode Onirin nayi gangar jikin, na shimfiɗa katako tsawon santimita 120 faɗin 45, rola biyu gaba da baya na fayif mai kaurin santimita 6, kowacce a kan boris mai lamba UCP 204. Bel ɗin tsohon bel ne na injin masana'anta da na samu a wajen masu gwangwan. Hannayen fayif biyu ne dogaye da suke lilo daga ƙasa, kowanne na ɗaura masa sanda zuwa ƙarfen feda na keke, faifan fedar mai haƙori 44, sai cen ya tafi zuwa ƙaramin faifai mai haƙori 18 da na like da walda a shaf ɗin rolar gaba. Tunanina ƙafa tana tura bel, hannu yana taya ta, kowa na taimakon kowa.

Wlh da na hau abin bai yi ba. Hannayen suna kai da komowa da wani irin sauri kamar zasu bugi ƙirjin mutum, in ka riƙe su da ƙarfi sai bel ya cije, in ka sake su sai su riƙa fizga. Wani lokacin ma in ya tsaya baya tashi sai ka sauka ka juya da hannu. Ga bel ɗin kullum yana gocewa hagu. Yayana ya hau minti biyu ya sauka yace shi tsoro yake ji. Dan Allah masu sani a taimaka, ina nayi kuskure? Sati uku na kashe a kan abin nan kuma lafiyarsa ce ta dame ni.

Injiniya_Apapa:

Wa alaikumus salam. Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya ba yayanka lafiya. Waldarka ba ita ce matsalar ba, lissafin ne, bari mu yi shi tare ka gani da idonka.

Mutum mai tafiya a hankali yana cin kamar kilomita 4 a awa, wato kusan mita 67 kenan a minti ɗaya. Rolarka mai kaurin santimita 6 in ta juya sau ɗaya tana jan bel kusan santimita 19. Raba 67 da wannan zaka samu juyi wajen 355 a minti. Faifan 44 da na 18 bambancinsu bai kai ninki biyu da rabi ba, kenan fedarka tana juyawa wajen sau 145 a minti, hannayen ma sau 145 zasu je su dawo. Shi kuwa hannun ɗan Adam sau ɗaya yake zuwa ya dawo a duk taku biyu, mai yin taku 110 a minti hannunsa sau 55 kawai yake lilo. Kaga kenan ka sa hannayen suna gudu kusan ninki uku na abin da jiki yake so, dole su nemi ƙirjin mutum.

Zaka ce to sai in ƙara wani faifan da cen na biyu in rage gudun. Eh ana iyawa, 44 da 18 sau biyu a jere zai baka ninki 6, 44 da 16 sau biyu zai baka wajen 7 da rabi. Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma shine dalilin da yasa baka cika ganin injin bel da aka ɗaure hannunsa da rola kai tsaye ba. A kan bel ƙafa a sake take, babu abin da ya riƙe ta. Gajeren mutum mai takun santimita 60 zai yi taku wajen 111 a minti a wannan gudun, dogo mai takun 75 zai yi wajen 89. Na farko hannunsa na son 55, na biyu na son 44, bel kuwa gudu ɗaya yake yi musu duka. Ko mutum ɗaya ne ma takunsa na safe da na lokacin da ya gaji ba ɗaya bane. In ka saita wa yayanka daidai yau, ko da bambancin kaɗan ne, bayan taku ashirin ko talatin hannun dama da ya kamata ya fita tare da ƙafar hagu zai koma yana fita tare da ƙafar dama, sai jiki ya rikice, sai kuma su sake haɗuwa, su sake rabuwa, haka abin zai yi ta yi.

Injin nan mai feda biyu manya da ake gani a jim, wato wurin motsa jiki, wanda ƙafa ke zagaye kamar siffar ƙwai, wanda kamfanin Precor ya fito da shi a 1995, irinsa masu hannu basu da wannan damuwar don ƙafa a kan feda take, feda da hannu kuma shaf ɗaya ke juya su, babu yadda za a yi su saɓa. Haka keken nan mai fanka na Schwinn da ake kira Airdyne tun 1978. Kai ka ɗauko tsarinsu ka ɗora a inda ƙafa ba a ɗaure take ba.

Shawarata ka cire faifan da ka like, ka sa firiwil na keke a wurin. Kasan yadda keke yake in kana gangara, taya na gudu feda na tsaye. Da firiwil hannu zai iya taya bel in ka ja da ƙarfi, amma bel ba zai taɓa jan hannu ba. Har ma zaka iya watsar da fedar gaba ɗaya, kowane hannu ya ja guntun cen a kan nasa firiwil ɗin, sifirin ko roba ta mayar da shi. Masu injin tuƙin kwalekwale na Concept2 da kayan keke suka fara nasu a 1981, har da tayar keken, saboda haka kayan da kake da su a hannu sun isa.

HajiyaTela_IdiAraba:

Ni ba injiniya bace ɗana, amma shekarata sama da ashirin ina taka keken ɗinki, kuma wannan da kace in ya tsaya baya tashi sai ka juya da hannu na san shi sarai. Duk tela ya san akwai wurin da matakin keke yake tsayawa, sandar da ke haɗa mataki da babbar ƙafar ta miƙe sak, ko ka taka da duk ƙarfinka ba zai motsa ba sai ka ɗan murza ƙaramar ƙafar sama da hannu. Wurin nan guda biyu ne a kowane zagaye. Abin da ke tsallakar da keke daga wurin in yana cikin tafiya shine nauyin babbar ƙafar nan ta ƙasa, ita ke riƙe gudun. Ka duba ta da kyau zaka ga tsakiyarta duk huji ne, ƙarfen mai nauyi a bakinta yake zagaye, ba banza suka yi haka ba. A bayaninka banji ka ambaci wani abu mai nauyi da ke juyawa ba, daga fayif sai fayif. Ko ba don hannun ba ina ganin ƙafar ma zata so shi, don tsakanin ɗaga ƙafa ɗaya da sauke ɗayar kar bel ya mutu. In kana so akwai tsohuwar ƙafar keke a shagona da ba a amfani da ita, ka aiko yaro ya ɗauka.

Danjuma_Alaba:

Oga mai walda ni gyaran kayan jim nake yi a Alaba, tokunbo da sababbi duk suna biyowa ta hannuna. Hajiya ta faɗi gaskiya, duk injin tafiya mara wuta da na taɓa buɗewa yana da fulawil, wato faifai mai nauyi da ke riƙe gudu irin babbar ƙafar keken ɗinkin nan, a shaf ɗin rolar gaba, wasu ɗaya wasu biyu hagu da dama. Kuma gara ka sa shi a inda juyi yafi sauri wato a kan rolar kanta, don in gudu ya ninka biyu ƙarfin da yake ajiyewa ninki huɗu yake yi. Sai dai ka kai a daidaita maka shi wajen masu feƙe ƙarfe da inji, in ya karkace ko kaɗan a juyi 350 duk ɗakin zai riƙa rawa.

Amma Injiniya kayi haƙuri, maganar hannu ya taya bel ɗin nan ni ban yarda da ita ba ga dattijo mai ciwo. Ka duba fa, duk sanda ya ja hannu bel zai zabura a ƙarƙashin ƙafarsa, ya saki ya lafa, ya ja ya zabura, saurayi zai iya amma mutumin da tun yanzu yace tsoro yake ji faɗuwa zai yi. Akwai wani tsohon samfuri na NordicTrack da ake kira WalkFit, ba wuta, bel daban hannaye daban, babu abin da ya haɗa su. Kowane hannu a gindinsa akwai abin matsewa, in ka ɗaure yayi tauri in ka sassauta yayi laushi, mutum da kansa yake daidaita hannunsa da takunsa kamar yadda yake yi a kan titi. Wannan kai ma zaka iya a rana ɗaya, faranti biyu na ƙarfe, ka sa fata ko guntun birkin mota a tsakani, dogon noti ya ratsa su da sifirin mai tauri a bayansa don matsin kar ya canza in fatar ta cinye. Kar ka sa shokozoba na mashin, na ga masu yi, wajen ja da wajen turawa ba ƙarfi ɗaya yake bayarwa ba kuma in yayi zafi sai ya saki.

Maganar gocewar bel kuma abu biyu ne. Na ɗaya rolar baya dole ta zama mai matsawa, noti ɗaya a hagu ɗaya a dama, in bel ya gudu hagu ka ɗaure na hagun kwata ɗin juyi kawai ka taka ka gani, kar ka yi gaggawa. Na biyu yana taimakawa rola ta ɗan fi kauri a tsakiya fiye da bakinta, ko da milimita ɗaya ne, bel da kansa yake neman wurin da yafi tudu ya zauna. In ba zaka kai a feƙe ba ka naɗa salatif mai ƙarfi a tsakiya zagaye uku ko huɗu. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa na gangar jikin, in awon biyu basu zo ɗaya ba zafin walda ya ja ƙarfen, babu notin da zai gyara wannan sai ka yanke ka sake.

Sai bel ɗin naka, na masana'anta yawanci yayi kauri da yawa wa rola ƙarama irin taka, lanƙwasa shi kaɗai yana cin ƙarfi, cikinsa kuma in roba ce kama katako take yi. Na injin gudu siriri ne kuma cikinsa zare ne mai santsi. Ana samun tsofaffi a nan wajenmu. Katakon ma ka lulluɓe shi da fomaika, ka shafa man silikon a tsakani. Dan Allah banda giris banda baƙin mai, suna cinye bel suna tara ƙura. Kuma ka shafe gefen katakon da fenti sosai, damshin Legas in damina ta zauna kumbura shi yake yi, ƙarfen ma ka sa masa jan fenti na tsatsa kafin na ado don gumi gishiri ne.

Injiniya_Apapa:

Danjuma na karɓi gyaranka, ni ina kallon injin kai kana kallon wanda zai hau, kuma kai ne da gaskiya, a raba su. Amma in an raba akwai abu ɗaya da ya kamata mai walda ya sani tun kafin ya yanka ƙarfe. A injin da ba wuta, in ƙafarka na tura bel baya to jikinka gaba yake son tafiya, abin da ke tsayar da kai shine ƙarfen da ka dafa. Yanzu in abin dafawar ya zama mai lilo me zaka tokara? Shi yasa injin NordicTrack na farko wanda Edward Pauls ya ƙera a Minnesota a 1975, mai kwaikwayon zamiya a kan ƙanƙara, yake da matashi a gaba daidai ƙugu, mutum ya jingina cikinsa a nan hannayensa kuma suna jan igiya. Kai ma ko dai ka sa irin wannan matashin, ko ka ɗaga gaban injin yadda nauyin mutum ne zai riƙa gangarar da bel, ko ka haɗa biyun wanda shi na fi so.

Yawan ɗagawar kar ka yi ta da ka. Ka ɗora buhun siminti mai kilo 50 a kan bel, ka riƙa ɗaga gaban a hankali kana sa katako a ƙasa har ka ga bel ya fara tafiya da buhun da kansa. Ka auna tsayin, sai ka saita injin ƙasa da wannan kaɗan, don kana so ya zama da ɗan turi kaɗan yake tafiya amma in mutum ya tsaya shi ma ya tsaya. Ka yi gwajin kafin ka canza bel da bayan ka canza ka sa fomaika da silikon, bambancin da zaka gani shi zai nuna maka ƙarfin da gogayya take cinye maka. Misali a tsawon 120 in ka ɗaga santimita 15 kusan digiri 7 kenan, kuma wannan ma hawa ne ba kaɗan ba ga mai shekaru, saboda haka duk abin da zai rage gogayya ya rage maka tudu ka yi shi. Kayi ƙafafun gaba masu huji uku ko huɗu yadda za a iya canzawa.

Nas_Maryam_Surulere:

Salam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ƙarfe ba fannina bane amma tunda an ce suga da hawan jini bari in sa baki. Aikin hannu yafi aikin ƙafa ɗaga jini da bugun zuciya in nauyin aikin ɗaya ne, musamman in mutum yana damƙe abu da ƙarfi yana riƙe numfashi. Saboda haka wannan notin matsewar da Malam Danjuma ya faɗa a bar shi sakwa-sakwa a farko, kuma mariƙin kar ya wuce tsayin ƙirjinsa, kar ya zama yana ɗaga hannu sama da kafaɗa. Ku bar masa wani ƙarfen dafawa tsayayye a gefe biyu wanda baya motsi ko kaɗan, nan zai kama wajen hawa da sauka da in jiri ya ɗebe shi. Satin farko ma ya taka da ƙafa kawai.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa aƙalla minti 150 a sati na motsi matsakaici, wato kamar minti 30 sau biyar, amma ba da shi ake farawa ba, minti 10 ma ya isa a fara. Ma'auni mai sauƙi, in yana iya magana yana tafiya to daidai ne, in magana ta gagara ya rage. Kar ya hau da silifas ko ƙafa ba takalmi, mai suga yakan ji ciwo a tafin ƙafa bai sani ba, bel kuma yana zafi, ya riƙa duba ƙafarsa bayan ya sauka. In yana shan maganin da ke sauke suga ko yana allura kar ya hau da yunwa, a ajiye dabino ko wani abu mai zaƙi kusa, kuma ya gaya wa likitansa ya fara. Ciwon ƙirji ko numfashi ya ɗauke, a tsaya a tafi asibiti.

Sannan yara dan Allah. A 2021 sai da kamfanin Peloton ya janye wani injin gudunsa daga kasuwa a Amurka bayan yaro ya rasu wasu sun ji rauni, bel ne yake jan su ƙasa ta baya. Naku ba wuta amma fulawil mai nauyi da cen suna iya cire yatsa, a rufe su da gwangwani, rolar baya ma a yi mata murfi, in an gama a sa kwaɗo ko ƙusa ta kulle shaf ɗin.

MaiWalda_Agege:

Jama'a na dawo bayan kwana tara, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na cire feda da cen duka na raba hannayen da bel kamar yadda Oga Danjuma yace, birkin mota na sa tsakanin farantan. Da na auna kusurwa zuwa kusurwa ashe santimita ɗaya da rabi ne bambancin, sai da na yanke gefe ɗaya na sake ɗaurawa. Hajiya na gode da ƙafar keken, sai dai da na ɗora ta nauyinta bai isa ba, na samo wani faifan birkin mota a Ladipo na ƙara a ɗaya gefen, yanzu bel baya mutuwa tsakanin taku. Gwajin siminti da tsohon bel na ɗaga har na gaji buhun bai motsa ba, da sabon bel da fomaika da silikon kuwa tun kafin in kai rabin wancan ya fara zamewa. Na yi matashin ƙugu da kujerar mashin tsohuwa, na sa ƙarfen dafawa a gefe kamar yadda Anti Maryam tace, murfin baya ne ban gama ba amma a ɗaki yake a kulle.

Yaya yanzu kwana huɗu kenan yana yin minti goma bayan sallar asuba kafin ya fita kasuwa, jiya ne ya fara taɓa hannayen. Abin da ya rage, hannun dama yafi na hagu tauri ko na ƙirga juyin notin daidai, kuma bayan minti biyar sai ya fara ƙara ƙiii har maƙwabta na ji. Oga Danjuma in na ratsa dogon ƙarfe ɗaya ta gindin hannayen biyu da sifirin ɗaya da abin murɗawa ɗaya, matsin zai zo ɗaya a duka biyun? Kuma in cire birkin in sa fatar masu takalmi ko ƙarar zata tafi? Akwai masu dukanci a bayan shagona, in zata yi gobe da safe zan karɓo.